Damin irin da na miƙa da bakina

Wawan wannan labari ni ne, kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen nema. Aji biyu na yi a elementare ta Bici, kuma a lokacin gani nake duk ƙauyenmu babu mai kaifin kaina.

A shekarar nan damina ta yi gardama, ga shi an ce Nasara na son hatsi don ciyar da masu haƙar kuza. Dogaran hakimi suka zo da jakuna, suka kwashe rumbunmu har ƙasa. Baba yana tsaye, hannu a baya.

Da suka fita ya leƙa rumbun, ya ce, "Madalla da Nasara, ya raba mu da ɓera. Kai ɗan boko, bi su ka ce sun manta damin iri a jinkar ɗakin awaki. Su haɗa, mu huta da noma gaba ɗaya."

Yau na san gatse. Ana gane shi a sanyin murya, da yadda mai yinsa ba ya kallonka, da godiyar da ta fi kyautar girma. Wanda aka danne ba shi da wata sanda sai gatse. Amma a makaranta an koya mana ɓera na kawo cuta, an kuma koya mana bin umarni. Na zura da gudu.

Babban dogarin ya dawo, ya zaro damin, ya shafa kaina. "Yaron kirki," in ji shi.

Baba bai doke ni ba. Da ma ya doka. Tun daga ranar ya daina gatse, maganar ma sai ta kama dole. Muka ci dusa, muka ci tafasa, ƙanwata ta goye ba ta kai girbi ba.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, maƙwabta suka fita da sungumi, mu muna zaune a zaure muna jin ƙamshin ƙasa. Shirun ya ishe ni, na ce wa Inna, "Ai dai Baba ne ya aike ni. Kuma har yaba mini aka yi."

Ba ta ɗago daga tsintar tafasa ba. Ta ce, "To ga sungumi can. Je ka shuka yabon, mu ga ko zai fid da kai."