Shekarar da Baba Ya Dawo da Kunne Ɗaya

Wata ranar Alhamis da kaka, ina aji uku a firamare, Inna tana sussukar gero a tsakar gidanmu na Kaura Namoda, sai rediyon maƙwabcinmu ya ce an buɗe wa wani jirgin ruwa na kaya wuta a gaɓar Laberiya, inda ake yaƙi. Inna ta jingine taɓarya, ta shige ɗaki. Ni na kori kaji daga turmin har magariba.

Baba yana aiki ne a ɗakin injin irin waɗannan jirage. Ni kuwa ruwan da na sani bai wuce Gulbin Gagare ba, wanda da rani muke tsallakewa da ƙafa. In na ce wa yara ubana yana kan teku, dariya suke yi, don haka na daina zuwa langa. In na ɗaure awaki, sai in tafi tasha in zauna kan tulin buhuna ni kaɗai, ina duban masu saukowa daga jirgin ƙasa.

Sai da aka yi shuka ya dawo, a rame, kunnensa na hagu ya mutu. Sau ɗaya ya ba ni labarin, muna noma a gonarmu ta Ɗan Isa. Shinkafa suka kai, suka ɗebo mata da yara masu gudun yaƙi. Suna fitowa harsashi ya huda jirgin, ruwa ya fara shiga ɗakin inji. Ma'aikata suka haye sama, shi da abokinsa Haruna, mutumin Shinkafi, suka tsaya cikin ruwa har ƙugu.

“In injin ga ya mutu, ɗiyan mutane duk sun mutu,” in ji shi.

Jirgin ya tsira, amma Haruna ya cika a hanya. Baba kaɗai ya yi masa sallah, aka naɗe shi da tamfol aka saka a teku. Bayan babbar sallah kuma ya ɗauki jakarsa ya koma.

Yanzu ya rasu, mun binne shi a ƙasa busasshiya, cikin mutanen da suka san shi da tsoho mai nauyin ji kawai. 'Ya'yana suna kallon teku a waya suna ta murna. Ni har yau ban taɓa ganin teku ba, kuma ban tambayi Baba ko ya ji tsoro ba.