Ranar da Na Kira Ɗan Farina

A wurinmu mace ba ta faɗin sunan ɗan farinta, balle ni da nawa ya ci sunan surukina, mahaifin mijina. "Wancan yaron" nake ce masa. Kakarsa ke riƙonsa, amma ran nan ba ta da lafiya, sai aka haɗa ni da shi daga Gamu zuwa kasuwar Gure. Ina gaba da ƙwaryar tsaki a ka, yana baya. Riƙe masa hannu a idon jama'a? Allah ya kiyaye.

A bakin kasuwa na waiwaya, babu shi.

Wanda bai taɓa neman ɗa a yashin Gure ba bai san tafiya ba. Ka taka, ƙafa ta nutse. Na bi ta wajen masu kanwa, na ratsa tsakanin raƙuma, na shiga lunguna masu dangar kara, kowanne kamar ɗan'uwansa. Har gindin bariki na je, wani gardi mai gadin wurin ya kore ni. Daga nan na gangara rijiya, na leƙa ciki.

Wata tsohuwa mai jan ruwa ta ce, "'Yata, me ya ɓace miki?"

"Wani yaro ne, Inna."

"Ɗan wa? Wa sunansa?"

Na sunkuyar da kai. Ta gane, ta ce, "To, kunya za ki ci ko ɗa za ki nema?"

Na koma kasuwa ƙafafuna na zafi. Can na hango ƙeyarsa wajen masu dabino, yana bin wani ayari da ke shirin fita gari. Tsakaninmu jama'a ce maƙil, ko na ruga ba zan kai ba. Na buɗe baki na kwarara sunan nan, har kasuwa ta yi tsit.

Bai ko waiwayo ba. Ina zai waiwayo, bai taɓa jin sunansa da muryata ba.

Wanda ya waiwayo surukina ne, yana zaune a rumfar masu igiya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Tsohon ya tashi, ya kutsa ya kamo yaron, ya kawo shi gabana idonsa na kallon gefe.

Ya ce, "Riƙe masa hannu. Ni ban ji komai ba."

Har Gamu ban saki hannun nan ba, ban kuma ɗaga kaina ba.