Mai Igiya da Tafiyar Innarmu Ƙonni

Ni da kuke gani da ƙaton tumbi, ina ciniki da manyan dillalan albasa a kasuwar Bodinga, akwai lokacin da igiyar guga kaɗai kan sa ni fitsari a wando. Kakata ce ta ja mini, mahaifiyar babanmu, wadda muke kira Iya.

A ƙauyenmu kusa da Sifawa, in an gama tuwo Iya takan ja tabarma bakin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ran nan Innarmu na can ɗaki tana haɗa kaya, domin da safe za ta tafi suna garinsu, can bayan Ƙonni cikin Nijar. Iya ta tura kara cikin wuta ta ce, "Ku matso, 'yan banza. Ta yau ba ta dariya ba ce."

Wai akwai wani gari mai rijiya ɗaya. Ran nan da rana tsaka sai ga wani dogon mutum, kansa ya wuce giginya, yana jan igiya a ƙasa. Bai yi sallama ba, bai nemi ruwa ba. Ya ratsa gonaki, ya ratsa kasuwa, ya shiga wani gida ya bi tsakanin murhu da ɗaki. Uwa na bakin murhu, ɗanta na ɗaki. Da ya naɗe igiyarsa, ko alama ba ta bari a ƙasa ba.

"Akuya tat tsallake," in ji Iya. "Kaza tat tsallake. Ruwan sama ya zuba nan, ya zuba can. Amma yaro yak kira uwa tai, tana ganin baki nai na motsi, ba ta jin komi. Tad dube shi tac ce, wanga ɗan wa ne?"

Ƙanwata Hajo ta tambaya, "Iya, an kashe Mai Igiyar?"

"Wa za ya kashe shi? Gulbi da dutse iyakar Allah ce, kana ganinta ka kauce. Ta Mai Igiya sai ka taka kaka sani. Shi ne yab bi tsakaninmu da Ƙonni, kuma igiya tai ba ta ƙare ba."

Jama'a! Da safe na riƙe zanen Inna ina kuka, hawayen da na zubar ya isa ban ruwan fadama guda. Sai da Baba ya ɓamɓare ni kamar kaska. Duk kwanakin da ta yi can, ko igiyar shanya na gani sai in canza hanya.

Ranar da ta dawo, na sheƙa da gudu ina "Inna! Inna!" Ta ɗauki Hajo, ta durƙusa ta gaida Iya, ta gaida har maƙwabta. Ni ko kallo. Na sha gabanta na sake kira, ta kawar da kai.

Na faɗi ƙasa ina ihu, "Ya yanke ta! Mai Igiya ya yanke Inna!"

Abin da tsoro ya mantar da ni shi ne ni ne ɗan fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ɗokinsa, balle a gaban surukarta. Haka take yi mini tun da aka haife ni. Iya ta yi dariya har da tari. Inna kuwa ta kwance ƙulli, ta miƙa wa Hajo cuku biyu, busasshen nonon nan na Nijar, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ba wancan mai bakin, ya rufa mana asiri." A duniya ban taɓa jin zagi mai daɗinsa ba.

Yanzu 'yata na dawowa daga makaranta tana koya mini cewa Bahar Maliya ce ta raba Afirka da Asiya. Nakan ce mata wannan da sauƙi, ko ba komai za ki jiƙa ƙafa. Tsakanin Illela, garin iyaka na gefenmu, da Ƙonni kuwa gero iri ɗaya ne, harshe ɗaya, kiran salla ana jinsa ɗaya gefen, amma takarda ta ce ni ɗan wata ƙasa ne, kawuna ɗan wata.

Lokacin da aka rufe iyaka kwanan baya, aka bugo waya cewa kawun nan, wanda shi kaɗai ya rage wa Inna, yana jinya. Tsohuwa ce, ba ta iya zaman babur ta ɓarauniyar hanya cikin daji. Muna ta neman dabara har aka sake bugowa an binne shi.

Na same ta zaune a tsakar gida, fuskarta na kallon arewa, wajen Ƙonni. Babu suruka, babu baƙo, ni da ita ne kawai. Na durƙusa na ce, "Inna." Na sake cewa, "Inna."

Ba ta ji ni ba.