Kundin da Aka Jingine

Wautar da na tafka a aji uku ce ta sa aka naɗa ni alƙali. Malaminmu na Gwamnati da Tarihi ya tambaya ko akwai wanda ya san mene ne kundin tsarin mulki. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta kusa gocewa. Ai ni jikan malami ne. Kakana a Kwanyawa yana da kundi a gafaka cike da laƙani, kuma kowa ya san tsari shi ne abin da ake ba mutum don kada ƙarfe ya kama shi. Sai na ce littafin asiri ne da shugaban ƙasa ke sawa ƙarƙashin matashi don kada a yi masa juyin mulki.

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a kasuwar Karaye. Malam bai yi ba.

"To da sojoji suka ce sun jingine shi fa?"

"A bango suka jingine shi, Malam. Shi ya sa asirin ya karye."

"Zauna, jikan malam. Ka fi wasu manya kusa da gaskiya."

Malam siriri ne, mutumin Fulatan ta ƙasar Rogo, yana zuwa a kan wani keke da ya girmi Nijeriya. Amma in ya shiga tarihi, ko ƙuda ba ya motsi a ajin. Ya ba mu labarin sarkin Ingila da hakimansa suka ritsa a fili, suka sa shi ya sa hannu cewa shi ma doka tana kansa, da na Faransa da ya ƙi ji har kansa ya rabu da wuyansa. Yana faɗa kamar shi ya riƙe musu doki a ranar.

Sai ya ce mu rubuta namu kundin. Masu yin doka daban, monita mai zartarwa daban, alƙali daban, wato ni. Dokar farko: duk wanda ya shigo bayan ƙararrawa zai share aji. Wani ya ce a sa "duk ɗalibin da", Malam ya ce a bar ta yadda take. Muka rubuta a kwali, muka rataye.

Ana cikin damina rafin da ke kan hanyar Malam ya cika. Malam ya shigo bayan ƙararrawa, wando duk laka. Monita, wanda ba ya ƙaunar zaman lafiyata, ya miƙe ya ce yana ƙara.

Jarrabawa ta matso, makina kuwa yana hannun wanda ake ƙara. Babana ya riga ya rantse in na faɗi, sandar kiwo ce alƙalamina. Na hango kaina a bayan shanu har na yi furfura.

"Ai ruwa ne, Malam," na ce. "Ruwa kuwa ba ya cikin kundi."

Malam ya ce, "Mai shari'a, karanta mana abin da aka rubuta."

"Duk wanda ya shigo..."

"Ni aljani ne?"

"A'a, Malam."

"To muna jin ka."

Da murya irin ta ɗan akuya na ce kotu ta yanke Malam ya yi shara.

Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki tsintsiya, ya sunkuya. Ba sharar wasa ba, har ƙarƙashin benci. Da ya iso gabana ya ce, "Ɗaga ƙafa, ranka ya daɗe." Ban taɓa jin kunya da daɗi sun haɗu mini haka ba.

Yana cikin yi shugaban makaranta ya leƙo. Ya dubi tsintsiya, ya dubi kwali, ya ce ba a makarantarsa ɗalibai za su riƙa hukunta malami ba. Ya cire kwalin ya tafi da shi ofis, muna hango shi ya jingine shi a bango, bayan kabad.

Malam ya ƙarasa shararsa tukuna, sannan ya dube ni.

"Ka gani? A bango."

Na ci jarrabawar da ƙyar, bai ƙara mini ko rabin maki ba, bai kuma rage ba. Kwalin kuwa gara ce ta cinye shi kafin kaka.