Motar Tauqir a Hannun Ustad Fazal Din

A duk layin shagunan motoci na Jail Road, a Lahore, babu wanda bai san Ustad Fazal Din ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin sa da motar kansa. A kan tsohon babur yake zuwa, da jakar ƙyalle rataye a wuya. Idan mai saye da mai sayarwa suka kasa yarda da juna, kuma a wannan kasuwa ko wa da ƙani ba sa yarda da juna, sai a aika a kira shi ya duba mota ya yanka mata kuɗi. Sau ɗaya yake faɗi, tafin hannunsa a kan murfin inji, ba ƙari ba ragi. Ladansa ɗaya ne, ko akwala ce ko motar minista. Ba ya karɓar kamasho, ko shayin dillali ba ya sha sai ya gama magana.

Ba a makaranta ya koyi wannan ba. Shekara ashirin ya yi yana gyaran bodi a Bilal Ganj, yana buge lanƙwasa, yana cike ramuka da fila, yana fesa fenti a kai, wato ya daɗe yana ɓoye wa motoci tabo kafin ya koma tona shi. Da fenti ya fara cin ƙirjinsa likita ya ce ya zaɓa, ko sana'ar ko numfashin, sai ya ajiye guduma. Abin da hannunsa ya sani ne ya ci gaba da ciyar da shi da matarsa Rashida, ya kuma aurar masa da 'ya'ya mata uku. Yakan rufe ido ya shafa jikin mota. Yakan sa farce a robar ƙofa, ya sunsuna shimfiɗar ƙasa ko ruwan damina ya taɓa kwana a ciki, ya duba kan noti ko sifana ta taɓa cizon sa. Daga ƙarshe ya ciro ɗan maganaɗisu naɗe a tsumma ya bi jikin motar da shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame, akwai fila a ƙarƙashin fenti, kuma mai mota ya fara gumi. Matasan yanzu na'ura suke ɗorawa ta yi musu ƙara, shi kuwa cewa yake wanda sai an yi masa ƙara yake gane mota gara ya koma sayar da kankana.

Aibinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: bakinsa bai iya cewa bai sani ba. Rashida takan ce ko tambayar sa aka yi yaushe ruwa zai sauko, sai ya faɗi ƙarfe nawa. Ya kai shekara sittin da uku a duniya yana dariyar wannan magana, har ranar da aka kira shi gidan Masta Siddiq Warraich a Samanabad.

Masta Siddiq tsohon malamin lissafi ne, rabin dillalan Jail Road sun sha bulalarsa. Ɗansa ɗaya namiji, Tauqir, ya yi shekara goma sha biyu a Japan yana aiki a filin kwance motoci. Aka yi ta jiran ya dawo da kuɗin fili da na aure. Ya dawo ba ko ɗaya, sai wata shuɗiyar mota ta tsere mai ƙofa biyu, wadda ta haura shekara ashirin a duniya, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Duk guminsa a cikinta ya zuba. Shekara guda uba da ɗa ba su ci abinci a faifai ɗaya ba. Yaron kullum maganarsa ɗaya, Abba ji, kamar yadda suke kiran uba da girmamawa, ya yi haƙuri, wata rana motar nan za ta fi gidan da suke ciki daraja. Uwarsa kaɗai ke goyon bayansa, tana cewa ita ba wawa ta haifa ba. Sai zazzaɓin bayan damina ya ɗauke shi yana da shekara talatin da shida. Motar ta yi shekara uku a tsakar gida ƙarƙashin tamfol, har Masta ya yanke shawarar sayar da ita ya haƙa rijiya a ƙauyensu da sunan mamacin.

Wani dillali mai suna Malik Jamshed ya riga ya yi ta zirga-zirga a gidan yana neman motar. Masta ya ce shi ba ya cinikin abin da bai sani ba, a kira Fazal Din, abin da ya faɗa shi ke nan.

Da hantsi aka yaye tamfol, maƙwabta suka cika ƙofar gida. Tun daga kallon farko Ustad ya gane bai taɓa ɗora hannu a kan irin wannan mota ba. Aka sa sabon batir aka tayar da ita, ta yi wani gurnani da ya ji har a haƙoransa. Ya shafa, ya sunsuna, ya duba notuna, bai ga aibi ba. Ya ciro maganaɗisu. A ƙofofi ya kama. A baya ya kama. Ya ɗora a murfin inji, sai ya zame ya faɗi ƙasa. Ya gwada gefen gaba na dama, ya zame. Na hagu ma haka.

A nan ne gaskiyar lamarin take, kuma shi kansa bai taɓa musanta wa kansa ita ba. Ya ƙwanƙwasa murfin da gaɓar yatsa, ya ji amsa garau, alhali fila dum take amsawa. Notunan da suka riƙe murfin sifana ba ta taɓa kusantar su ba. Hannunsa yana ce masa motar nan lafiya take, maganaɗisu yana ce masa an farfasa ta. Abin da ya kamata ya yi a bayyane yake: ya ce a ba shi kwana biyu ya tambaya.

"Ustad ji, yau maganaɗisun naka azumi yake ne? Ya ƙi cin komai," in ji Jamshed. Mutane suka yi dariya. Ya gyara zoben hannunsa ya ƙara da cewa, "In ta fi ƙarfinka ba abin kunya ba ne, sai mu kira yaran nan masu na'ura."

Wannan ce ta kayar da shi. Ya ɗora tafin hannu a kan murfin inji, ya ce gaban motar gaba ɗaya an taɓa ragargaza shi, an cike da fila, wanda ya yi aikin gwani ne amma fila fila ce. Ga tsufa, ga ƙofa biyu, ga shan mai, kayan gyaranta babu a Lahore, kuma ko tudun rage gudu na bakin layin nan ba za ta haura ba sai ta bar rabin cikinta a kai. Lak talatin da biyar, wato rupi miliyan uku da rabi.

Masta Siddiq ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Ustad ya zaci zai yi ƙorafin kuɗi. Bai yi ba.

"Wato har cutar sa aka yi," ya ce a hankali. "Shekara goma sha biyu yana kwance motoci, bai gane wadda aka lallaɓa da fila ba." Ya juya wajen cikin gida ya ɗaga murya. "Uwar Tauqir, kin dai ji. Ba ni na faɗa ba."

Ba a amsa daga ciki ba. Kafin azahar Jamshed ya sa an ɗora motar a bayan babbar mota.

Bayan sati biyu ya tare Ustad a bakin shagonsa da kwalin alewar madara, fuska sai ƙyalli. Ya ce wani attajiri mai tara irin waɗannan motoci ya zo daga Islamabad da takardu da masani, bai ko yi tayi ba, ya biya lak ɗari biyu da ashirin, wato miliyan ashirin da biyu. Murfin da gefunan gaba alminiyam ne tun daga masana'anta, don motar ta yi sauƙin nauyi, shi ya sa maganaɗisu ba ya kama su. 'Yan ɗaruruwa kaɗai aka ƙera irinta. Ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba.

Ustad ya ce masa ai ka sani tun ranar. Jamshed ya buɗe hannuwa.

"Ni na yi ƙarya? Wasa kawai na yi maka, Ustad ji. Kai ka ɗora hannu, kai ka yanka, ni kuma na biya ban rage ko rupi ba. In ka je ka yi surutu, sunan wa zai zube a layin nan, nawa? Nawa ai tuni yana ƙasa, ba ya jin faɗuwa."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Dillali da wayonsa aka san shi. Shi kuwa Fazal Din ba shi da shago, ba shi da jari, kalmarsa kaɗai ce haja. Ranar da kasuwa ta ji ya kira alminiyam fila, ya sa tsohon malami asarar kuɗin gida guda, daga ranar sai dai a gaishe shi don tsufa.

Ya yi shiru, kuma shirun ya ci shi. Ana kiran sa aiki yana zuwa, yana ɗora hannu yana yankawa, ana cewa Ustad ya faɗa magana ta ƙare, shi kuwa yana jin kansa kamar mai sayar da madara da ya san ya zuba ruwa. Kuɗin da Masta ya rasa yana damun sa, amma ba shi ne ke hana shi cin abinci ba. Muryar tsohon ce, wato har cutar sa aka yi. Ya ɗauki yaron da ya san aikinsa sarai, wanda ya fi duk Jail Road ido, ya mayar da shi sakarai a wurin ubansa, yaron kuma yana ƙarƙashin ƙasa ba zai iya cewa uffan ba. Sau uku ya kai babur har kwanar Samanabad ya wuce kamar yana da wani uzuri a gaba.

A wata na huɗu suka haɗu a wata jana'iza. Masta ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana godiya. Ya ce an haƙa rijiyar, ƙarama ce amma ana sha. Ya ce duk tsohon ɗalibinsa da ya zo gaisuwa sai ya ba shi labarin Tauqir don ya zama darasi, kuma duk Alhamis yana zuwa maƙabarta ya roƙa wa yaron gafarar almubazzaranci. Ustad ya ce amin. Da bakinsa ya ce amin, ya hau babur ya tafi.

Ranar ya gaya wa Rashida. Tana murza gurasa, ba ta ɗago ba. Ta ce shekara arba'in tana masa wasa da wannan hali, ashe ba abin wasa ba ne, kuma ita ba za ta ce masa je ko kar ka je ba, tunda shi ne ya san komai. Duk da haka sai da ya ƙara wata uku. Ya ce bari azumi ya wuce, ya ce bari a yi Layya.

Wata Talata bayan la'asar ya ƙwanƙwasa ƙofar. Masta ya shigar da shi ɗakin baƙi da murna. Ustad bai zauna ba. A tsaye ya faɗi komai, alminiyam, attajirin Islamabad, har amsar da murfin ya ba yatsansa ya ƙi saurare. Ya ce bai san motar ba, kunyar mutane ce ta hana shi faɗi.

Tsohon ya ce ya maimaita kuɗin. Ya maimaita. Leɓen Masta suka motsa kaɗan irin na mai lissafi a ka, ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin, ya dubi bangon.

"Ta fi gidan," ya ce.

Ya dafa kujera ya miƙe da ƙyar. Bai ambaci Jamshed ba, bai ambaci asara ba. Ya kama hannun rigar Ustad ya ja shi zuwa ƙofar da ke shiga cikin gida, inda labule yake.

"Ba ni za ka gaya wa ba. Da maganarka na rufe wa uwar yaron baki. Faɗi da ƙarfi, kunnenta ya yi nauyi."

Ustad Fazal Din ya tsaya gaban labule ya ɗaga murya. Ya kira ta Baji, wato yaya, ya ce ɗanki ya san abin da ya saya. Ba a cuce shi ba, motar ba ta da aibi ko ɗaya, duk abin da ya faɗa wa ubansa haka ya zama. Ni ne ban sani ba.

 Sannan muryar tsohuwa ta fito, ba kuka a cikinta.

"Tun yaushe ka gane?"

Ya so ya ce kwanan nan. Ya haɗiye.

"Wata bakwai, Baji."

"Wata bakwai," ta ce. "Tun yana da rai nake musu da ubansa, ya mutu ban daina ba, shekara uku ban gaji ba. Ranar da ka zo na yi shiru, don kowa ya ce kai ba ka kuskure. Ranar Layya na sa aka kai ni kabarinsa, Ustad ji. Na zauna a gefen kansa na ce masa wawa."

Ya buɗe baki zai nemi gafara. Masta Siddiq ya saki hannun rigarsa, ya ɗaga labulen ya shiga wurin matarsa, ya bar shi tsaye shi kaɗai a ɗakin baƙi.