Turaren Inna da Hancin Ɗiyata

Ɗiyata ta fari ba ta cika wata ɗaya ba mura ta kama ta. Ina wankan jego a gidanmu, wani ƙauye a ƙasar Sabuwa, mijina yana can Ƙanƙara. Tsakiyar marka ce, ruwa ba ya ɗaukewa.

Ni dai tun ina yarinya akwai ni da ƙyama. In na ga mace ta kafa baki a hancin jaririnta ta zuƙe majina ta tofar, ranar nan ba ni ba tuwo. Na sha rantsewa a gaban Inna, mahaifiyata, cewa ko na haifi goma ba zan yi ba. Ita dai sai ta ce, "Allah ya kai mu."

Da farko ruwa ne tsararo yake ɗiga daga hancin yarinyar, ina gogewa da gefen zane. Bayan kwana biyu ya yi kauri ya toshe hancin. A nan tashin hankali ya fara, don jariri da hanci yake numfashi in yana shan nono. Sai ta kama, ta ja sau biyu, ta saki tana haki, ta tsala kuka. Nono ya cika mini har yana ciwo, ga yarinya da yunwa, ta kasa sha. Na tsorata ƙwarai.

Inna ta ce sanyi ne. Ta toshe taga da tsumma, ta saki labule, ta shigo da kaskon garwashi ta barbaɗa turaren wuta. Turaren nan da hannunta take haɗa shi, kuma tana ji da shi, duk amaryar garin da shi ake kai ta ɗaki. Yarinya na ƙara atishawa, Inna na ƙara turare.

Rana ta huɗu yayana ya kwashe mu a babur, ni da Inna da jaririya, muka ratsa taɓo zuwa ƙaramin asibiti. Malamar da ke duba yara ta buɗe mayafin jaririyar, ƙanshin turare ya buge ta, ta ɗan ja da baya.

"Hajiya, jaririya kuka kawo mini ko amarya?"

Ta duba ƙirjinta, ta ƙirga numfashi, ta auna zafin jiki. Ta ce mura ce, a wajen manya jarirai ke ɗauka, hayaƙi kuma shi ke ƙara toshe hancin. A tafasa ruwa ya huce, a sa gishiri ɗan mitsitsi, a ɗiga a kowace ƙofar hanci, a zuƙe majinar kafin a ba ta nono. Kada a ba ta maganin manya. In jikinta ya yi zafi ko ƙirjinta ya fara lotsawa, mu dawo ko da ana ruwa. 'Yar robar zuƙewa kuwa babu ita a wurin.

Inna ta ce, "Ba komai, ni zan zuƙe." Ta faɗa tana jan hanci.

Malama ta dube ta. "Hajiya, ai ke ce mai murar. Kada bakinki ya je kusa da ita."

Da muka dawo, Inna ta wuce ɗakina. Ta ɗauki kaskonta ta dire a tsakar gida, yayyafi ya kashe shi, ta zare tsumman taga. Wallahi sai da ta ba ni tausayi.

Na ɗiga ruwan gishirin. Na duba ɗakin, ba kowa sai ni. Yarinya tana ta buɗe baki tana neman nono, kukan ma ya fara dusashewa. Na yi bisimilla, na rufe ido, na kafa baki na zuƙa. Gishiri-gishiri, da ɗumi. Na tofar a tsumma, na koma ɗaya gefen.

Ta kama nono ba ta saki ba. Ina jin yadda take haɗiya, har barci ya kwashe ta da shi a baki. Ban san ina hawaye ba sai da ya ɗiga a goshinta.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa da moɗar ruwan kurkure baki. Ta turo mini daga nesa.

"Tuwon naki fa," in ji ta, "a zuba wa kaji?"

Malmala biyu na ci.