Tayoyin Faretin Saja Kefas

A Zuru idan ka ce "direba" sai an tambaye ka wanne, don garin cike yake da tsofaffin sojoji, kuma rabinsu sun rantse su suka tuƙa janar. Amma ka ce "mai baƙar jif", ko baƙon da ya sauka a tasha jiya ya san Saja Kefas ake nufi.

Gajere ne kakkaura, da gashin baki wanda shi ma kullum a ƙame yake kamar yana jiran umarni. An haife shi a wani ƙauye bisa dutse ta wajen Mahuta. Ya yi golmo, noman nan da saurayi ke yi wa iyayen budurwa, shekara bakwai cur saboda Dinah. Har yau idan suka saɓa sai ya ce da dawarsa ya noma da yanzu yana da rumbu goma. Ita kuma ta ce kunyoyin da ya yi wa babanta duk a karkace suke, tausayi aka ji aka ba shi ita.

Daga gona ya faɗa soja, a soja aka damƙa masa sitiyari, aka haɗa shi da Kanar Abel, mutumin Rikoto, wata unguwa a Zuru. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa shi. Da Kanar ya ajiye aiki ya dawo gida, Kefas ma ya tattara komatsansa ya biyo shi, ya kama gida a bayan nasu.

Shekara tara ke nan da Kanar ya sayo jif ɗin. Baƙa wul, doguwa, sai ka taka matakala kake hawa. Kujerun fata, ciki sanyi kamar randa. Ranar da ta iso, Kefas ya zagaya ta sau uku, ya ce wannan ta wuce a kira ta mota, ya ba ta muƙamin Manjo. Tunda kuwa Manjo ta girmi Saja, kowace safiya sai ya sara mata kafin ya taɓa ta da soso.

Wankan Manjo da wuri ake yi, kafin rana ta yi zafi. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne tayoyi. Kefas yakan zauna a kan 'yar kujera da gwangwanin man takalmi, da buroshi, da tsumma, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya masa goge takalmin soja a bariki, har da ɗan tofin yawu. Idan mutane suka yi dariya sai ya ce, "Ku ba ku taɓa tsayawa fareti ba. Ofisa in ya zo dubawa, ƙafa yake fara kallo."

Sau takwas yana kai Manjo ofishin duba lafiyar motoci, sau takwas tana wucewa ba ta taɓa faɗuwa ba. Takardun suna nan a cikin jakar leda, a jere kamar lambobin yabo.

Shekara huɗu da suka wuce Kanar ya rasu. Tafiyar Manjo ta ragu: coci ranar Lahadi da Mama Saloma, matar marigayin, sai asibiti, sai biki, sai jana'iza. Nan fa ɗansu Michael, wanda ke aiki a Kaduna, ya fara waƙar a ba shi motar. Wai irin wannan ba a barin ta a Zuru, babu bakaniken da ya san cikinta, za ta ruɓe a tsaye. Mama Saloma ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ranar da masu duba mota suka ce ba ta da lafiya, zo ka ɗauka. Kafin ranar, tana nan, Saja ma yana nan."

Tun daga lokacin, abin da sauran direbobi ke ɗauka zuwa ofis ne kawai, a wurin Kefas yaƙi ne. In Manjo ta faɗi, Kaduna za ta tafi, shi kuma ya koma gindin mangwaro wurin 'yan fansho, yana ba da labarin motar da ya taɓa tuƙawa.

Bana takardar ranar Juma'a take ƙarewa. Michael kuwa ya aiko cewa yana tafe ranar Asabar bikin wata 'yar'uwarsu, kuma da direbansa zai zo. Kowa ya gane abin da direban zai zo yi.

Juma'ar, Kefas ya sa rigarsa mai kari kamar wuƙa, ya shiga filin ofishin da Manjo tana ƙyalli. Direbobin bas-bas da ke layi suka hau tafi.

"Ga ango! Saja, a bar mana hanya ko mu ma a duba mu da arziki!"

"Ku matsa da gwangwanayenku," in ji Kefas, "kada tsatsa ta yi tsalle ta kama ta."

Sai wajen sha biyu layi ya zo kansa. Mai dubawar sabuwa ce, sunanta Joyce, siririya, da fararen kaya da allon rubutu a hannu. Daga gaisuwarta ya gane 'yar soja ce, a bariki ta tashi.

"Baba Saja, ina wuni. Kunna fitila."

"Fitila!" Kefas ya amsa da ƙarfi kamar a filin fareti.

Fitila ta kama. Sigina dama, sigina hagu, waifa, madubi, hon wanda ya sa awakin bakin titi suka watse. Tukunyar kashe gobara tana nan, jak yana nan. Duk wanda ta yi wa maki, sai 'yan layi su ce "Ɗaya!" Kefas yana murza gashin baki, har ya fara tsara abin da zai gaya wa Michael.

Sai Joyce ta durƙusa gaban tayar gaba. Ta duba, ta shafa, ta kalli yatsanta ya yi baƙi ƙirin.

"Baba, ina lambar?"

"Wace lamba, 'yata?"

"Ta ranar da aka yi tayar. A jikinta ake bugawa. Nan kuwa sai fuskata nake gani."

Aka kwashe da dariya. Man takalmin shekara da shekaru ya hau kan juna, ya cike rubutun tas, tayar ta koma sumul kamar goshin jariri. Aka ƙwala wa Mode kira, mai facin da ke da rumfa a tsallaken titi. Ya zo da kananzir a gora da tsumma.

"Saja, kau da kai," in ji Mode. "Wanga aiki ba ya kalluwa gare ka."

Kefas ya juya baya kamar uban da ake yi wa ɗansa allura. Mode ya goge, ya kankare, lambobi huɗu suka fito. Joyce ta karanta, ta zagaya sauran ukun, ta miƙe tana karkaɗe gwiwa.

"Baba, tayoyin nan sun haura shekara biyar. Wa'adinsu ya wuce."

"Ya wuce ina? Dubi haƙoransu! Ko rabi ba su ci ba. Motar da daga gida sai coci?"

"Roba ce, Baba. Ko a kwance take tsufa take yi. Zo ka gani."

Ya durƙusa. Inda kananzir ya wanke, ga 'yan tsage-tsage nan sirara kamar faso a dunduniya. Shi da hannunsa ya yi ta rufe su kowace safiya bai sani ba.

"Bara ba a ce maka ka sauya ba?" ta tambaye shi a hankali.

"An ce. Michael ma ya aiko da sababbi huɗu."

"To suna ina?"

"Suna ɗaki."

"Ɗaki? Me suke yi a ɗaki?"

Kefas ya dube ta da mamakin a ce 'yar soja ce ke wannan tambaya. "Na fareti ne mana! Soja kaki biyu gare shi, na aiki da na babbar rana. Wa ya taɓa sa na babbar rana ya shiga taɓon Rikoto?"

Joyce ta rungume allonta. "To Baba, in yau ba babbar rana ba ce, yaushe ce?"

Kefas ya dafe kai. Shekara guda yana adana su don ranar da za a duba Manjo a idon jama'a, ranar ta zo, ya baro su a gida.

"Ƙarfe huɗu muke tashi," in ji Joyce. "In ka kawo ta da sababbi kafin nan, zan sake dubawa. In ba haka ba, sai Litinin."

Litinin! Kafin Litinin Manjo ta kwana biyu a Kaduna.

"Saja," in ji Mode, "sha biyu da rabi ta yi, kuma liman ba ya jira na. Kawo ta rumfa in fara kwance tsofaffin, sababbin su same mu nan."

Haka aka yi. Kafin ƙarfe ɗaya, Manjo, abin alfaharin Rikoto, tana zaune a kan jak da kututture huɗu a bakin titi, ba taya ko ɗaya, duk mai wucewa sai ya tsaya ya kama baki. Kefas ya ciro waya ya kira matarsa.

"Maman Gladys! Tayoyin nan, a fito da su yanzu-yanzu!"

"Waɗanne? Baƙin nan naka da suka ƙwace mini kusurwar ɗaki da zanin gadona na Kirsimeti?"

"Su! Nemo 'yan kabu-kabu huɗu!"

"Yau Allah ya amsa addu'ata," in ji Dinah, ta kashe waya.

Bai mayar da wayar aljihu ba ta yi ƙara. Michael ne.

"Saja, yaya Manjo? An wuce?"

Kefas bai iya ƙarya ba, soja bai koya masa ba. "Ta faɗi zagayen farko, ranka ya daɗe. Amma huɗu ba ta yi ba."

Michael ya yi dariya. "To bari in ce wa direbana ya kwanta da wuri."

Ɗaya da kwata aka jiyo hon daga hanyar Rikoto. Babura biyar ne a jere. Huɗu kowanne da ƙatuwar taya ɗaure a baya, ledarta tana walƙiya. Na gaba kuwa Dinah ce a kai, ɗankwali ya zame, tana kaɗa zanin gadon sama kamar tuta, tana ihu a ba su hanya. Mutanen kasuwa suka biyo su a guje, wasu sun ɗauka amarya aka kawo.

Mode ya tuɓe riga ya hau aiki. Ya ɗora ta farko, ya ɗora ta biyu, sai aka kira salla. Ya ajiye ƙarfe, ya wanke hannu.

"Mode! Saura biyu!"

"Su ma su jira, Saja. Kai ranar Lahadi ina kiran ka?"

Kefas bai taɓa sanin huɗuba tana da tsawo haka ba. Ya zagaya Manjo, ya duba agogo, ya sake zagayawa. Dinah ta saya masa ruwan leda, ta ce ya zauna kada gashin bakin ya zube. Uku saura kwata sai ga Mode a guje, darduma a kafaɗa. Ta uku ta hau lafiya. Ta huɗu ta ƙi zama a bakin ƙarfenta. Aka shafa sabulu, aka buga, aka ba ta iska, ta ƙi. Direbobin bas uku suka danne ta, Mode ya sake buɗe injin iska, agogo ya ce uku da rabi ta wuce.

Tau!

Tayar ta zauna da ƙara kamar harbi. Rabin 'yan kallo, tsofaffin sojoji duka, sai ga su kwance rub da ciki a ƙasa. Kefas kaɗai ya rage a tsaye, shi ma don yana riƙe da sifana ne.

Huɗu saura minti goma Manjo ta sake shiga filin, jama'a na bin ta a baya. Joyce ta durƙusa, ta karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ta sa shi ya ja, ya taka birki. Manjo ta tsaya cak. Ta shiga ofis. Can sai aka jiyo tambari ya sauka a kan takarda, dam!

Filin ya kaure. 'Yan kabu-kabu suka danna hon, Mode ya cilla hula sama, Dinah ta rangaɗa guɗa. Kefas ya ƙame, ya sara wa Joyce irin sarawar da tun rasuwar Kanar bai yi wa ɗan Adam ba.

"Baba Saja," ta ce tana miƙa masa takardar, "ka goge in kana so, amma ka bar mini lambar a buɗe."

Ranar Asabar Michael ya iso. Mama Saloma tana zaune a baranda, ta miƙa masa takarda ta tara. Ya karanta, ya je ya zagaya motar. Tayoyin sun sha mai suna ƙyalli, amma a jikin kowacce an bar 'yar taga mai kusurwa huɗu, lambobi suna leƙowa. Ya yi dariya har ya dafa bango.

"Saja, tayoyina ne fa suka cece ka."

"Shi ya sa na ce a gode maka, ranka ya daɗe. Direban naka, in kai shi tasha a Manjo, ko zai hau kabu-kabu?"

Tsofaffin tayoyin kuwa, Kefas ya so ya shigar da su ɗaki, wai sun yi ritaya da mutunci. Dinah ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu. Yanzu suna tsakar gida cike da ƙasa, ta shuka barkono a ciki. Maƙwabta sun ce ba su taɓa ganin tukwanen barkono masu ƙyalli haka ba.